Jar Mota da Keken Malam

"Wannan ce motar? Wannan abar da cikinta ke shafar ƙasa?"

Inna ta matsar da wayar nesa da idonta, ta sake matso da ita, ko hoton zai canza. Bai canza ba. Mota ce ja jawur, an ɗauke ta ta gaba, fitilunta a tsuke kamar idon mage mai dakon ɓera.

"Inna, ki tsaya ki ji mana."

"Ba zan tsaya ba. Yayyenka suka haɗa guminsu, suka ce a nemo motar da za a riƙa kai ubanku asibiti gashin ƙashi. Aka ce kai ne a kusa, kai ka san mota. Ka gama yawonka ka dawo min da abin tseren marasa aikin yi? Ja kuma! Wa ka taɓa gani ya kai mara lafiya asibiti a jar mota?"

Auta ya sosa ƙeya. Gemu gare shi, yana da sana'arsa ta gyaran na'urar sanyaya ɗaki, har yara yake koya wa aiki, amma har gobe in Inna ta ɗaga murya ƙeyar nan yake sosawa.

"Injinta lafiya lau yake, Inna. Ba ta shan mai. Mai ita ma mace ce, ofis kawai take zuwa da ita."

"Kowace tsohuwar mota mace ce ke zuwa ofis da ita. Matan ofis ɗin nan ba sa ƙarewa ne?"

Malam, mahaifinsa, na zaune a kekensa na marasa lafiya bakin taga, yana jin su. Rabin rayuwarsa a kan sitiyarin babbar mota ya yi ta, sai bara ɓarin jikinsa na dama ya shanye, hannu da ƙafa, harshe ya yi nauyi. Da farko yana ƙoƙarin magana, to amma kowace kalma sai an ce "me ka ce?", shi kuwa mutum ne da ba ya maimaita zance. Sai ya yi shiru. Inna ta karɓi maganar. In likita ya tambaye shi ya jiki, ita ke amsawa. In baƙo ya gaishe shi, ita ke cewa da sauƙi.

Ta durƙusa tana saka masa takalmi, gwiwoyinta na ƙara.

"Malam, ka ga abin da ɗanka ya zaɓo? A'a, bari ma, kar hawan jininka ya tashi." Ta miƙe da ƙyar. "Auta, ɗauko min mayafina. Yau za mu je, da ni da Malam da keken. Ni ko tukunya ba na saya sai na ƙwanƙwasa ta. A gaban dillalin zan nuna maka ba ka da hankali."

"Yau kuma? Ai da kin bari..."

"Yayarku ta ce abin da na ce shi za a yi. Ko ba ka ji ba?"

Ya ji. Babbar yayar tasu ce ke riƙe da kuɗin, kuma ta rantse ba za ta tura wa kowa ba sai ta ji daga bakin Inna.

A bakin titi Inna ta yi dabarar da wahala ta koya mata. Masu tasi in sun hango keken marasa lafiya sai su kau da kai su taka wuta, kamar an ce musu annoba ce. Don haka ta sa Auta ya tsaya da Malam a bayan shagon mai sayar da katin waya, ita ta fito ita kaɗai ta ɗaga hannu. Wani mai tasi ya tsaya. Ta shige, ta zauna daram, sannan ta leƙo ta yafito su.

"Haba Mama, ba ki ce da keke ba!"

"Ba ka tambaya ba. Buɗe but."

Mai tasin ya yi ta ƙunƙuni har suka isa, yana cewa an goge masa fenti. Inna ta ce Allah ya ba shi lafiyar da ba zai taɓa sanin nauyin keken nan ba, amin. Shi kansa bai gane ba addu'a ce ko zagi.

Wajen sayar da motocin fili ne da aka kewaye da waya, motoci a jere, rana na dukan gilasansu. Dillalin ya taho da fara'a, tarin makullai a hannu, turarensa ya riga shi isowa.

"Sannunku da zuwa! Hajiya, Baba, sannu. Ai ɗanku ya iya zaɓe, wallahi. Ga ta can."

Inna ta zagaya motar sau ɗaya ta tsaya cak. Ta sake zagayawa.

"Ina sauran ƙofofin?"

"Ai Hajiya, irinta..."

"Da kai nake, Auta. Ina ƙofofin baya? Shi ya sa ka ɗauko min hotonta ta gaba? Ƙofa biyu! Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ni na haife ka kuwa?"

Bayanta ma guntu ne, kamar an sare shi da wuƙa, da wani ƙarfe mai kama da fiffike a sama. Salansar fitar da hayaƙi kuwa har biyu, masu faɗin baki. Inna ta nuna su da yatsa.

"An ba ta hanci biyu na hayaƙi, an hana ta ƙofar shiga. Malam, juya kanka, kar ka gani."

Malam bai juya ba.

Ta waiga ta hango wata can gefe, ruwan toka, doguwa, mai kujeru layi uku. Fentin ya ɗan koɗe, amma mota ce ta mutane masu iyali, wadda in ta tsaya a ƙofar gida maƙwabta za su san gidan masu hankali ne.

"Waccan fa?"

Dillalin bai ɓata lokaci ba, ya koma yabon waccan kamar bai taɓa ganin ja ba. Mai ita ma, in ji shi, mace ce.

"Na sani," in ji Inna. "Ofis take zuwa. Buɗe. Ba zan saya da ido ba, sai Malam ya shiga."

Aka tura keken gefen ƙofa. Sai a lokacin aka ga kujerar motar ta kai ƙirjin Malam tsawo. Auta ya shiga ƙarƙashin hammatarsa ya ɗaga, Inna ta kama matacciyar ƙafar tana neman ta ɗora a kan matakin, ƙafar ta ƙi. Dillalin ya zuba makullansa a aljihu ya kama ta ƙugu. Suka yi sama da shi su uku, kamar buhun siminti. Kan Malam ya daki saman ƙofa, hularsa ta faɗi ta gangara ƙarƙashin mota. Wandonsa ya zame ta baya. Wasu samari biyu da suka zo kallon motoci suka tsaya suna kallo, ɗayan ya kau da kai.

"Ɗaga mana! Kai, ta nan! Ba ka cin abinci ne?"

Malam ya yi wani gurnani, ya dunƙule hannun hagu ya daki ƙofar da ƙarfi har dillalin ya zabura. Suka mayar da shi cikin keke. Yana haki, jijiyar wuyansa ta fito, idonsa ya kaɗa. Inna ta yi saurin ja masa wandon, ta kare shi da jikinta, ta juya kan samarin.

"Ba ku da uba a gida ne? Ku ɓace min!"

Suka ɓace. Ta karɓi hular daga hannun Auta, ta kakkaɓe, ta ɗora masa.

"Za a saba," ta ce. "A sa ɗan benci a taka. Komai sabo ne."

Malam ya ɗaga hannun hagu ya nuna jar motar.

"Ya ce rana ta dame shi, a kai shi inuwa," in ji Inna.

Ya girgiza kai. Ya sake nunawa.

Ta yi tsaki. "To, a kai shi. Gara ya gani da idonsa a huta."

Dillalin ya buɗe ƙofar. Doguwa ce, da ta wage sai ka ce an cire rabin gefen motar. Auta ya tura keken ya shige har jikin kujera, ya taka masa burki. Kujerar da keken kai ɗaya suke, ba wanda ya fi wani tsawo. Inna ta naɗe mayafi ta matso za ta kama.

Malam ya ture hannunta.

Ya miƙa hannun hagu ya dafa kujerar motar. Ya sa ƙafar hagu ciki. Ya ja numfashi, ya muskuta, ya sake muskutawa, sai ga shi ya zame ya zauna. Daga nan ya sunkuya, ya kamo wandon ƙafar dama a gwiwa, ya jawo ta ciki ya ajiye kusa da 'yar uwarta. Ya jingina. Hularsa na kansa.

Tun ranar da ya faɗi, Malam bai taɓa tashi daga wani wuri ya koma wani ba sai da hannun mutum a jikinsa.

"Allahu akbar," in ji dillalin. "Ai Hajiya, dama don irin su Baba aka ƙera..."

"Kai dai yi shiru, ka ji tsoron Allah."

"Kin gani ko, Inna?" Auta ya washe baki. "Abin da nake ta so in faɗa miki ke nan tun safe."

"Rufe min baki. Kai ma yanzu ka gani. Salansa ka gani ka so, ba ubanka ba."

Bai musa ba. Ita kuwa ta ce alhamdulillahi a ciki, ba ta bari ya fito fili ba. Saura gwaji ɗaya.

"Sa keken a but."

Dillalin ya ɗaga bayan motar gaba ɗaya, da gilashin da komai. Auta ya naɗe keken ya saka. Tayoyin suka tsaya a waje. Ya juya shi, hannayen suka tsaya a waje. Inna ta harɗe hannu, ta fara jin daɗi.

"Ba matsala!" Dillalin ya leƙa ciki, ya ja wani abu, kujerar baya ta kwanta shimfiɗe. Keken ya shige har da sauran wuri. Ya rufe, ƙwas. Ya tafa hannu. "Kin gani, Hajiya?"

"Na gani. Ni kuma ina zan zauna?"

Dillalin ya dubi Auta. Auta ya dubi takalminsa.

"Tambaya na yi. Direba a nan, Malam a nan, keke a baya. Ni a ina? A kan fiffiken?"

Aka shiga dabaru. A kwantar da rabin kujerar: kujerar guda ce, ba ta rabuwa. A cire tayoyin keken: irin nasu ba ya cirewa. A ɗaure shi a sama: ba abin ɗaurewa, ga ruwan sama. A bar shi a gida a ari na asibiti: Inna ta yi dariyar da ba ta da daɗi, ta ce duk wanda ya taɓa samun keken asibiti babu kowa a kai ya zo ya ba ta labari.

"To ai sai ki biyo mu a tasi," in ji Auta.

"In biyo ku a tasi. A sayi mota a gidana, ni in tsaya bakin titi ina ɗaga hannu, in bi mijina a baya kamar korarriya."

"Ko kuma ki huta kawai, Inna. Ni zan riƙa kai shi. Gwiwoyinki ma..."

Nan ne abin ya fashe.

"Kai za ka kai shi? Kai da sai na buga ƙofa sau nawa kafin ka tashi sallar asuba? Ka san wane magani yake sha kafin gashi, wane bayan gashi? Ka san in ya ɗaure fuska haka fitsari yake ji, in ya ɗaure haka kafaɗar ce ke ciwo? Ka san yarinyar nan mai gashin in ba a tsaya a kanta ba rabin aikin take yi ta ce lokaci ya cika? Shekara guda ina ɗaga mutumin nan ina ajiyewa, ban taɓa fashi ba, ranar da nake zazzaɓi ma na je. Ina kuke? A waya kuke! Yau an samu jar mota, an ga wurin kowa har da na keke, ni ce ba a ga wurina ba!"

Muryarta ta kai har bakin titi. Mai gadin wajen ya leƙo daga rumfarsa ya koma.

Daga cikin motar aka ji murya, mai nauyi, a hankali.

"Ta...yar."

Auta ya sunkuya. "Baba?"

Malam bai maimaita ba. Ya nuna wajen makulli.

Dillalin ya miƙa makullin da sauri. Auta ya shiga ya murɗa. Motar ta yi wani ruri daga ƙasan cikinta, har Inna ta ji shi a tafin ƙafarta. Malam ya rufe ido. Ya ɗora hannun hagu a kan giya, ya bar shi nan, yana jin rawar injin.

"Mu je."

Auta ya dubi uwarsa ta saman motar.

"Ku je mana. Wa ya riƙe ku?"

"Ku zaga, ku zaga," in ji dillalin, ya ja wa Malam bel ɗin kujera, ya tura ƙofar. "Ba na tsoron ku gudu, ai mun riƙe Hajiya jingina."

Kallon da ta yi masa ya sa ya tuna yana da aiki a ofis.

Motar ta fita, ta hau titi, ta ɓace da rurinta. Inna ta tsaya a inda tayoyin suka bari. Sai ta ga hannayenta biyu a sake, ba abin turawa, ba abin riƙewa, ta rasa inda za ta kai su. Ta kama bakin mayafi.

Azahar ta yi. Ta nemi ruwa wajen mai gadi, ta yi alwala, ya shimfiɗa mata kwali a bayan rumfa. Ta tayar da salla da niyyar ta kai ƙarar kowa wajen Allah, amma ko a ruku'u kunnenta na titi. In ya taka da yawa fa? In Malam ya ƙware? Wa zai buga masa baya? Ta sallame, ta yi istigfari a kan sallar da rabinta ya tafi bin mota, ta zauna tana jan carbi da ƙarfi kamar shi ya yi mata laifi.

Waya ta yi ƙara. Babbar 'yar ce.

"Inna, ya ake ciki? Auta ya ce kun je gani. In tura?"

"Ki tura me? Na ce ki tura?"

"A'a, tambaya na yi. Motar ba ta yi ba ne?"

"Ta yi wa ubanku."

"To alhamdulillahi! Ai shi ke nan."

"Shi ke nan ko? Ke ma shi ke nan." Ta kashe.

Da ta ji rurin daga nesa ta miƙe, ta gyara fuska ta ɗaure. Motar ta shigo ta tsaya. An sauke gilashi, hular Malam na kan cinyarsa, iska ta hargitsa furfurarsa. Hannunsa na kan na Auta a kan giyar. Yawu ya ɗan zubo a gefen bakinsa, bai ma sani ba, don dariya yake yi, da rabin bakin da ke motsi.

Ta fizge ƙofar ta buɗe.

"To, an sha iska. Auta, fito da keken."

"Yaron nan," in ji Malam, kalma na bin kalma da ƙyar, "bai... iya... giya ba. Yana... kashe ta."

"Wallahi Inna tun daga shataletale yake min faɗa," in ji Auta, idonsa ya cika da ruwa yana dariya. "Har dukan hannuna ya yi."

Inna ta sa bakin mayafi ta goge wa mijinta baki, da ɗan ƙarfi. Shekara guda tana roƙon Allah ya buɗe bakin nan. Ga shi ya buɗe, a cikin jar mota, ba ta wajen.

Dillalin ya matso a hankali, ta ɓangaren da ba ta.

"Hajiya, ba matsa miki nake ba. In kun amince, ku wuce da ita wajen makanikenku yanzu ya duba ta, kafin ya tashi. In kuma ba ku so, a sauke Baba, akwai mai zuwa da yamma."

"A sauke shi," ta ce. Auta bai motsa ba. Ta sunkuya, hannunta ɗaya riƙe da ƙofar, ta rage murya. "Malam, ka yi tunani. In likita ya tambaya ko ka yi barci, wa zai faɗa masa?"

"Ni."

"In kafaɗar ta tashi fa? In yarinyar nan ta rage maka lokaci?"

"Ina da... baki."

"Yau ka san kana da baki?"

Ya dube ta. Ba fushi a idon, ba kuma neman gafara. Ya ɗauki hularsa da hannun hagu ya kafa a kai, ta ɗan karkace, ta kai hannu za ta gyara, ta fasa. Injin na ci gaba da rurinsa a ƙasa. Ya yunƙura ya miƙa hannun hagun ta kan cikinsa zuwa ga marfin, amma ƙofar doguwa ce, ta wage can nesa, kuma hannun da ke kusa da ita ba ya ɗaguwa. Ya mayar da hannun kan cinya.

"Innarsu," ya ce. "Rufe min... ƙofar."